Fate Mai Hula

Mutum 11 ne ke cin abincin dare a gidanmu, ban da almajirin da ke kawo robarsa bayan isha'i. Tun da Yaya ta yi aure girkin dare ya dawo hannuna, saboda ni daga gida nake zuwa makaranta. In an tashi lacca ƙarfe huɗu, kafin biyar ina gaban murhu. To duk wadda ta riƙe tukunyar gidan yawa a 'yan shekarun nan ta san tambayar da ta fi kowace ciwo, wadda yara kan yi suna tona miya da yatsa: "Ina naman?"

Da can Baba ba ya shigowa da yamma hannu rabbana. Ko rabin kilo ne zai riƙo a leda, ya miƙa wa Inna ba tare da ya ce komai ba. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, komai ya tashi, kuɗin fansho kuwa yana nan inda yake. Wata biyu bayan haka aka yi juyin mulki a Nijar, aka rufe iyaka, sai a Maris 2024 aka buɗe ta ɓangarenmu. Mu da ke kusa da Kongolam, dabbobin da ake kawowa kasuwar Mai'aduwa da yawansu daga can suke shigowa, don haka mun ji a jikinmu. Ledar Baba ta koma ta Juma'a kawai, daga baya Juma'ar ma ta fara tsallake. Duk ranar da autanmu ya yi tambayar nan, Baba sai ya tsame hannu daga kwano ya ce ya ƙoshi. Wallahi wannan ya fi rashin naman damuna.

Ba wai ba mu da abincin da ba ruwansa da nama ba ne. Ɗanwake, tubani, dambu da zogale, kwaɗon rama, faten tsaki da yakuwa, wa ya taɓa neman tsoka a cikinsu? Matsalar ita ce mun ɗauke su abincin rana ko na marmari. Da dare tuwo ake so da miya, miya kuma in ba nama sunanta lami, ko an zuba mata kayan ɗanɗanon duniya. Sai na ga dabarar ita ce a kawo abin da idon yaro bai saba nema wa nama ba, kuma ya riƙe ciki har safe.

A TikTok na ga wani abincin Ingila da suke kira kotej fai. Asalinsa na talakawan ƙauye ne tun ƙarni na 18: ragowar nama a ƙasa, markaɗaɗɗen dankali a sama, a gasa. Matar da na gani ta cire naman ta sa wani ƙaramin wake irin nasu da karas. Na ce ashe dai fate ne aka sa wa hula. Mu ba mu da tanda ta lantarki, ko da akwai ma ina wutar? Dankalin Turawa kuma sai ya taso tun daga Jos, kuɗin motarsa a kanmu yake ƙarewa. Amma dankalin Hausa daga kaka zuwa hunturu tuli yake a kasuwa, ga wake, ga kabewa.

Ga yadda nake yi. Wake gwangwanin madara 6 nake jiƙawa tun da safe kafin in fita, in na dawo in tafasa shi da 'yar kanwa kaɗan. Kaɗan fa, in ta yi yawa sai ya yi duhu, ɗanɗanon ya gudu. Inda aikin yake shi ne albasa. Manya 4 nake yankawa, in soya a man gyaɗa da wuta ƙasa-ƙasa har sai ta yi ja ta saki zaƙinta. Nan ne masu gaggawa ke yin asara, su bar ta fara ƙal su zuba ruwa, sannan su ce abincin ba rai. Bayan albasa sai jajjagen tattasai da attarugu, tafarnuwa, citta, masoro, sai daddawa mai kyau wadda aka daka. Daddawar kalwa ita ce ke kawo wannan ƙamshi mai nauyi da harshe ke dangantawa da romo. Kakarmu Hajiya takan ce tukunyar da ke da daddawa ba marainiya ba ce.

Sannan awara. Ita muke saye a bakin makaranta muna ci da yaji muna raina ta, alhali waken suya ne zalla, mai gina jiki. Ɗanya nake karɓa wurin maƙwabciyarmu, in marmasa ta da hannu, in soya daban har ta yi ƙus-ƙus, haƙori ya sami abin taunawa. Kabewa kuwa in an yanka ta ƙanana narkewa take yi ta ɗaure komai, ba sai an sa gari ba. Zogale ko alayyahu a ƙarshe, minti biyar ya ishe shi.

Hular ita ce dafaffen dankali da aka murƙushe da ludayi, da gishiri da ɗan mai. In an sami man shanu daga Fulanin da ke kawo nono, to ranar ana biki. Sai a shimfiɗa shi a kan waken a cikin tukunya mai faɗi, a ja masa layi-layi da cokali, a rage wutar ƙasa ta zama garwashi, a rufe, a ɗebi wani garwashin a zuba a kan murfi. Minti 20 zuwa 25 saman ya yi ɓawo ja. Ƙannena ne suka raɗa masa fate mai hula, kuma a kan ɓawon suke faɗa yanzu.

Jarrabawar gaske ta zo ne a hunturun da ya wuce, ranar da Kawu ya sauka daga Damagaram ba sanarwa. Na ji Baba a zaure yana gaya wa Inna a hankali cewa zai leƙa wurin mahauci ya karɓo bashi, ai ba a tarbar suruki da wake. Inna ta ce, "Malam, bashin wancan watan fa bai fita ba. Ka bar yarinyar nan ta yi abinta." Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ajiye hularsa ya zauna.

Ni na kai musu kwanon da kaina, na durƙusa na ajiye, na koma bayan labule na tsaya, wai ina gyara fitila. Kawu ya fasa ɓawon, tururi ya tashi. Ya ci, ya ƙara, ya tambayi ko wannan irin girkin ne ake koya mana a makarantar. Baba ya ce a'a, lissafin kuɗi take karantawa. Kawu ya yi dariya ya ce ai ga lissafin nan a kwano. Da safe kafin ya tafi tasha, ya sa na rubuta wa matarsa yadda ake yi a bayan wata tsohuwar takardar darasi, ya ce in ja layi a ƙarƙashin wurin albasar.