Yadda Gashi Ya Cinye Ƙwan Kazar Orpington

A farkon shekarun 1840 aka kawo wa Sarauniya Victoria ta Ingila wasu manyan kaji daga gabashin Asiya. Turawa ba su saba ganin kaza mai wannan girma ba, kuma tunda a gidan sarauta aka gan su, kowa sai ya ce shi ma sai ya mallaka. Kiwon kaji ya tashi daga hannun matan ƙauye ya koma na masu hannu da shuni. An yi baje kolin kaji a Landan a 1845, aka yi wani a Boston ta Amurka a 1849.

Gasa kuwa ba ta yiwuwa sai da ma'auni. Ingila ta fitar da littafinta na siffofin kaji a 1865, Amurka ta fitar da nata a 1874. A ciki an faɗi yadda zankon zakara zai tsaya, da launin ƙafa, da yadda jela za ta ɗaga. Alƙalin gasa zai ciro kaza daga keji, ya buɗe fiffikenta, ya leƙa idonta, ya shafa ƙirjinta. Amma duk ƙwarewarsa ba zai ga ƙwai nawa take yi a shekara ba, don haka babu makin da ƙwai ke samu.

Abin da ya sami kazar Orpington shi ya fi tsaya mini a rai. William Cook, wanda tuƙin keken doki ne sana'arsa ta farko, shi ya fito da ita a 1886 a yankin Kent na Ingila, bayan ya haɗa irin Minorca da Plymouth Rock da Langshan. Burinsa kaza ce ta mai ƙaramin ƙarfi: ta yi ƙwai har cikin sanyi, in an yanka kuma a sami tsoka. Ba a jima ba masu gasa suka karɓe ta. Suka riƙa zaɓen mai tulin gashi da gajeren ƙafa, har ta koma kamar matashin kai mai tafiya. Kyaututtuka suka yi ta zuwa, ƙwai ya yi ta raguwa.

Waɗanda aka kai Ostareliya tun farko su suka tsira, domin can gasar yawan ƙwai ake yi. Daga cikinsu aka sami irin Australorp. A gasar 1922 zuwa 1923, kaji shida sun yi ƙwai 1,857 cikin kwana 365, wato a matsakaici kowace ta haura 300. Tsatso ɗaya ne da na Ingila, abin da mai kiwo ke nema ne ya raba su.

Ba na raina masu kiwon ado. Lokacin da manyan gonaki suka watsar da tsofaffin iri bayan Yaƙin Duniya na Biyu, su ne suka riƙe da yawa daga ciki, ba don su ba da sun ɓace. Inda nake jin zafi shi ne a sayar wa mai akurki a bayan ɗaki kazar ado da sunan mai ƙwai. Matar da ta tara kuɗin adashi ta sayi 'yan tsaki, ƙwan da za ta sayar take jira.

Yau kajin Brahma da Orpington sun shigo kasuwanninmu, da tsadarsu. In don sha'awa za ka saya, Allah ya sa albarka. In kuwa don ƙwai ne, kafin ka zaro kuɗi, tambayi mai sayarwa ƙwai nawa uwar take yi.