Bakin Aku Da Ƙafarsa

Kowa ya tashi yabon aku, bakinsa yakan yaba. Tun daga shekarar 1937, da littafin Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam ya fito a Zariya, yara da manya a ƙasar Hausa suka ƙara sanin aku da iya zance. Amma da wuya a sami wanda ya taɓa sunkuyawa ya dubi ƙafar da wannan mai baki yake tsaye a kanta dare da rana. Ga abin da ya sami wani dattijo a Kano, wanda ya kusa rasa akunsa saboda rashin wannan dubawa.

Shi wannan dattijo a unguwar Badawa yake zaune, nan kusa da Nasarawa, unguwar Turawa ta dā. Aikin kuku ya yi tun yana saurayi har ƙarfinsa ya ƙare. Maigidansa na ƙarshe, da zai koma ƙasarsu, ya bar masa aku, irin mai ruwan tokan nan mai jar wutsiya. Shekara 30 da 'yan kai ke nan suna tare, gama aku tsuntsu ne mai tsawon rai, yakan kai shekara 50 a hannun mai kula. Akun nan yana sallama, yana kwaikwayon ƙarar waya da hon ɗin adaidaita sahu. Amma abin da ya fi ɗaure shi a zuciyar dattijo shi ne, ya riƙe muryar uwargidansa, wadda ta rasu shekara 4 da suka wuce. Kullum da asuba sai akun ya ce, "Malam, ga ruwa," da muryarta sak, kamar tana bakin ƙofa riƙe da buta.

Don tsananin son da yake masa, dattijo ya sa mai walda ya ƙera masa sabon keji, aka gitta guntun bututun ƙarfe sumul a tsakiya don ya riƙa tsayawa. Abinci kuwa gyaɗa ce safe da yamma, domin ita ya fi so.

Ana nan, da hunturu ya shigo, sai aku ya rage magana. Bayan mako biyu ya yi tsit. Ya koma tsayawa da ƙafa ɗaya, kullum ta dama, ya kuma shiga fige gashin ƙirjinsa. Maƙwabta kowa da abin da yake faɗi, wani ya ce kambun baka ne, wani ya ce tsufa ne. Dattijo ya yi tofi, ya yi turare, shiru. Asuba ta riƙa yi ba mai kiransa, har abinci ya fita ransa.

Ran nan wata jikarsa 'yar makaranta ta zo share kejin, sai ta ga ɗigon jini a kan bututun. Ta ce, "Kaka, kai bakinsa kake ta kallo. Ka ga ƙafarsa kuwa?" Suka lulluɓe shi da zane, suka juya shi. Sai ga tafin ƙafar hagu ya kumbura, da baƙin ɓawon miki a tsakiya, na dama kuma ya yi ja, ya yi santsi. Nan take suka ɗauke shi sai asibitin dabbobi.

Likita ya duba, ya tambayi irin sandar da yake tsayawa da abin da yake ci. Da ya ji, sai ya ce, "Baba, ciwon nan ba jifa ba ne, daga kejin ya fito. Ku da kuka yi aikin kuku, kun san yadda ƙafa take yi in an wuni tsaye a kan siminti. To, ku kuna zama, kuna kwanciya. Shi kuwa a tsaye yake ci, a tsaye yake barci."

Dattijo ya ce, "Likita, ai ni gata na yi masa."

Likita ya ce, "Haka ne, Baba. Sai dai gatan mutum kuka yi masa, shi kuwa na tsuntsu yake bukata."

Bayanin abin shi ne wannan. Aku tsuntsun kurmi ne, daga kudancin Nijeriya da Kamaru har zuwa Kwango. Yatsunsa huɗu, biyu gaba biyu baya, da su yake hawa, da su yake riƙe abinci ya kai baki kamar hannu. A kurmi yakan sauka a kan rassa iri iri, wani kauri wani siriri, wani mai kaushi, saboda haka nauyinsa ba ya tsayawa a wuri guda na tafin ƙafa. In aka tsare shi a kan sanda ɗaya mai santsi, wuri guda ke ɗaukar nauyin kullum. Da fari fatar takan yi ja ta lallashe, sa'an nan ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙwayoyin cuta daga kashinsa su shiga, ƙafa ta kumbura. Mugunyar tsuntsu kuwa daskararriya ce kamar cuku, ba ta tsiyaya da kanta, sai likita ya buɗe ya fitar. In aka yi sakaci, ciwon yakan kai ga ƙashi. Ita ma ƙafar da ya koma dogara a kanta ba ta tsira, gama ita ke ɗaukar kayan biyu.

Gyaɗa zalla ita ta ƙarasa ɓarnar. Tana sa ƙiba, nauyi ya ƙaru a kan ƙafa, ba ta kuwa da sinadarin bitamin A, wanda ke ƙarfafa fata. A kurmi aku yana samunsa daga 'ya'yan kwakwar manja. A Kano ana samunsa cikin karas da gwanda da mangwaro da ganyen zogale, ga kuwa kasuwar 'Yankaba nan kusa da Badawa. Fiya ce kaɗai cikin kayan marmarin da aka saba gani ba a ba shi ko kaɗan, domin guba ce gare shi.

Likita ya wanke mikin, ya sa magani, ya naɗe ƙafar. Dattijo ya koma gida ya cire bututun nan, ya saro rassan gwaba uku masu kauri dabam dabam, da ɓawonsu, ya wanke ya shanya ya gitta. Ƙa'idar kaurin ita ce, yatsu su zagaye kamar kashi biyu cikin uku na reshen, kada na gaba su haɗu da na baya. Ya ɗauki share ƙasan kejin kowace safiya. Kaushin itace kuma yana rage tsawon akaifa. In ta yi tsawo har ta kai ga yanka, ɗan bakin kaɗai ake cirewa, domin akwai jijiyar jini a cikinta, ga shi ta aku baƙa ce, ba a hangen inda jijiyar ta tsaya. In aka kuskure jini ya fito, a danna garin masara a wurin.

Sai batun gashi. Tsuntsu mai lafiya yakan ɓata lokaci mai yawa kowace rana yana gyaran jikinsa. Akwai wani ɗan kulli a gindin wutsiyarsa mai fid da maiƙo, yakan lakato da baki ya bi gashinsa ɗai ɗai yana tsefewa. Farin garin da ake gani a jikin aku da tattabara kuwa halitta ce, kada a ɗauka dauɗa ce a sa sabulu ko mai. Abin da yake bukata ruwa ne tsabtatacce a kasko, ko a yayyafa masa da hantsi don ya bushe kafin sanyin dare, tun ba cikin hunturu ba, sa'ad da iskar Kano ke busar da fata. Kansa ne kaɗai bakinsa ba ya kaiwa. A kurmi ɗan'uwansa ke tsefe masa, shi ya sa yakan sunkuyar da kai ga mai shi yana neman susa. Wanda ya rasa wanka, ya rasa abokin hira, ko ciwo ya dame shi, shi ke fige kansa.

Da ido ya buɗe, jikar nan ta bi tattabarun yayanta ta duba. Ta tarar guda biyu zare da gashin kitso sun nannaɗe musu yatsu, ɗaya har yatsa ya yi baƙi. Irin wannan zaren yana ƙara tsukewa ne har ya tare jini, yatsa ya guntule. Aka sa ƙaramin almakashi aka warware, aka kuma hana zubar da gashi da zaren ɗinki a tsakar gida.

Bayan mako shida aka kwance ƙafar aku. Ba a daɗe ba, wata asuba, dattijo yana neman takalmansa cikin duhu, sai ya ji an ce, "Malam, ga ruwa." Ya daɗe zaune a bakin gado kafin ya iya tashi.

Akun daji yanzu ya yi ƙaranci saboda yawan kamu da saran kurmi, har a shekarar 2016 ƙasashen duniya suka taru a Afirka ta Kudu suka hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Saboda haka wanda ke da shi a gida, amana ce babba a hannunsa. Malamai kuwa sun sha faɗakarwa cewa duk dabbar da mutum ya tsare, za a tambaye shi hakkinta. Aku yana iya maimaita kalmomi da yawa, amma na mutane ne ya ji ya riƙe, ba wanda ya taɓa koya masa yadda zai ce ƙafarsa na ciwo. Shi ya sa yanzu kowace Jumma'a, kafin dattijon nan ya tafi masallaci, sai ya ɗora akunsa a hannu ya dubi tafin ƙafafunsa duka biyu.