Bashin da na soke kafin Larabar Toka

 Ni Kirista ne, manomi, daga wani ƙauye na ƙasar Dogon Dutsi. Kamar kai, da girmana na koyi karatu. Zan ba ka labarin abin da na fara rubutawa da hannuna, da yadda na zo na soke shi.

Bari in fara gaya maka yadda azuminmu yake. Mu ƴan Katolika muna fara shi ranar Larabar Toka. Daga ranar zuwa idin tashin Yesu daga matattu kwana 46 ne. In ka fidda Lahadi 6, saura kwana 40, adadin kwanakin da Yesu ya yi yana azumi a jeji. Ranar Laraban, limamin majami'a yana shafa wa kowa toka a goshi. Tokar ta ganyen dabino ce, wanda muka riƙe bara, ranar Lahadin Dabino. Tana tuna mana cewa daga ƙasa muka fito, can za mu koma. Duk ranar Juma'a ba mu cin nama. Abu uku ake so mu riƙe tare: addu'a, da azumi, da sadaka. Kamar duwatsun murhu suke. In babu ɗaya, tukunya ba ta zama.

To, ga labarin. A shekara ta 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara kuma ta yi ɓarna a ƙasar Nijar. A 2005 aka yi yunwa. Ƙanena ya zo ya ranci tiya 20 na hatsi, ya ce zai biya da kaka. Lokacin nan na shiga makarantar yaƙi da jahilci. Da hannuna ya fara faɗawa, sai na rubuta a bayan littafina: "Ƙanena, tiya 20." Har ina jin daɗi, wai yanzu ba mai cin haƙƙina.

Kaka ta zo, bai biya ba. Wata kakar ta zo, shiru. Na yi masa magana mai zafi a gaban mutane. Daga ranar ya bar shiga gidana, ƴaƴansa suka bar wasa da nawa. A majami'a, in na zauna dama, shi ya zauna hagu.

A farkon 2007, saura mako biyu a shiga azumi, na fara shiri yadda na saba. Na samu gwangwani, zan riƙa zuba kuɗin goro da na shayi don matalauta. Na nuna wa tsohon malamin da ke koya mana addini. Ya ce: "Madalla, ɗana. Amma ka iya karatu yanzu. Je ka karanta Matiyu, sura ta 5 da ta 6."

Na yi dare uku ina harhaɗa baƙaƙe. Abin da na gane shi ne: in ka kawo baiko wurin Allah, ka tuna akwai ɓacin rai tsakaninka da ɗan'uwanka, to ajiye baikon, je ku shirya tukuna. Kuma sadaka a ɓoye ake yin ta, ba a yi mata shela. Kunya ta kama ni. Ga ni da gwangwani ina nuna wa mutane, ga ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya yana sauya hanya in ya hango ni.

Kada ka ce abin ya zo mini da sauƙi. Lokacin nan sanyi ya fara wucewa, zafi na shigowa, rumbu ya fara yin ƙasa, damana kuwa da saura. Matata ta ce: "Maigida, tiya 20 fa ba wasa ba ce." Gaskiya ta faɗa. Na ce mata: "Shekara biyu muna riƙe da takarda. Tuwo nawa ta ba mu?"

Ranar Talata da dare na tafi gidansa, ni kaɗai. Na yi sallama. Da ya ga littafin a hannuna, sai fuskarsa ta ɓaci. Na buɗe, na ja layi a kan rubutun, na ce: "Na yafe hatsin. Kai kuma ka yafe mini maganar da na yi maka a gaban mutane." Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce: "Yaya, ba ƙin biya na yi ba. Babu ce, kuma kunya ta hana ni faɗa." Washegari, 21 ga Fabrairu, aka shafa mana toka muna tsaye a layi ɗaya.

Hatsin bai dawo ba. Shekarar nan mun rage tuwo kafin sabon hatsi ya nuna. Amma ƴaƴansa sun dawo tsakar gidana, har yau kuma tare muke noma.

Ya kai mai karatu, ko Kirista ne kai ko Musulmi, ka san shirin azumi. A 2025 ma, a farkon watan Maris muka fara, mu da maƙwabtanmu Musulmi. Mutum yakan tanadi hatsi da sukari, ya manta da zuciyarsa. Kafin azuminka ya zo, zauna ka tambayi kanka: wa nake bi bashin da ba zai iya biya ba? Wa na ɓata wa rai? Wa ke kwana da yunwa kusa da ni? In ka samu suna, kada ka aika yaro. Tashi ka je da kanka, don zumunta a ƙafa take.