Jirgin Baba

Da Allah ya yi wa Baba rasuwa, abin da ya bar mana shi ne gona ɗaya, da koma biyu, da jirgin ruwan da aka sassaƙa masa da icen maɗaci. Tun da aka gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978 yake su da shi. Mu 'ya'yansa babu masunci cikinmu, don haka masu rabon gado suka ce a sayar, a raba kuɗin.

Ni ne babba, ni aka ɗora wa. Na je Talatar Mafara ranar kasuwa na ɗauko wani dillali zuwa garinmu Tsibiri. Ya kewaya jirgin, ya ƙwanƙwasa, har ya gano tsagar da ke gindinsa. Ya ce, "Malam, wannan ba komai ba ne. A liƙe da kwalta, in samo maka baƙo daga nesa. Kai dai ka yi shiru, ka ba ni la'adata."

Kuɗin da ya ambata sun ba ni sha'awa, ga ƙannena mata suna jiran rabonsu. Amma daren nan ban runtsa ba. Wanda ya sayi akuya mai ciwo dukiya ya yi asara; wanda ya sayi jirgi mai tsaga rai ya ɗora a kai.

Da asuba na tafi wurin wani maƙwabcinmu, abokin sun Baba. Na kama hannunsa na aza kan tsagar. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai ina cikin jirgin ran da ya bugi kututture." Ya taya ƙasa da na dillali. Na kasa cewa albarka, na sallama. Ya ba da rabi, saura sai kaka.

A nan na san amfanin dillali. Shi ba ya jin nauyin kowa, zai ja ciniki, ya karɓo kuɗi lakadan. Ni kuwa damina biyu ina gaishe da tsohon nan, bakina ya kasa tambayar ciko, ƙannena suna ta guna-guni.

Daga baya ya biya. Ya kuma kai wa kafinta ya ɗaure tsagar da ƙarfe kafin ya sa jikokinsa ciki. Har yau ƙanwata takan ce na karyar da kayan marayu. Ta yiwu gaskiyarta. Ni dai ban taɓa jin an ce jirgi ya kife gabana ya faɗi ba.