Yadda Word ya kusa sa a ce sayen furojet na yi

1/
Jama'a, in kana rubuta kod kuma za ka saka shi cikin Word, tsaya ka karanta wannan zaren. Saura ƙiris in ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma da hannuna na jawo wa kaina. 🧵

2/
Furojet ɗina da Python na yi shi. Wata uku ina fama, yana aiki lafiya ƙalau. Aka ce mu saka kod ɗin a shafukan ƙarshe. Na kwafa, na manna a Word. Har nan babu matsala.

3/
Malamin da ke duba aikina ya ce in gyara wasu layuka. Ranar an ɗauke wuta, cajin laftof ya kusa ƙarewa. Sai na ce me zai sa in wahala? Bari in gyara a cikin Word ɗin kawai. Nan na yi kuskure.

4/
Washegari Malam ya kwafi kod ɗin daga Word ya zuba a kwamfutarsa. Jan rubutu ya fito: SyntaxError. Ya gyara, wani ya sake fitowa. Ya cire tabarau ya dube ni: "Kai, tsakaninka da Allah, kai ka rubuta wannan?" Wallahi gumi ya karyo min.

5/
Na ce, "Malam, a yi haƙuri a ba ni zuwa gobe." Daren nan ban yi barci ba. Na ajiye fayil na asali da na Word gefe da gefe, ina bi layi-layi. Ga abin da na gano.

6/
Na farko, alamar zance. Kod yana son miƙaƙƙiya " amma duk wadda ka buga a Word sai ya lanƙwasa ta ta koma “ ko ”. A ido kusan ɗaya suke. A wurin kwamfuta haruffa ne daban: miƙaƙƙiyar lambarta U+0022, lanƙwasasshiyar U+201C. Python bai san ta ba.

7/
Na biyu, babban baƙi. Word ya ɗauka jimla kake rubutawa, sai ya mayar da print ya koma Print. Ƙaramin i da ke tsaye shi kaɗai ya mayar da shi I. Python kuwa yana bambance babba da ƙarami, a wurinsa sunaye biyu ne.

8/
Na uku, karan ɗori biyu -- sukan haɗe su zama dogon layi ɗaya. Masu SQL ku kula, da su kuke buɗe sharhi. Haka (c) yakan rikiɗe ya zama ©.

9/
Na huɗu, tazarar farkon layi. A Python ita ke nuna wane layi ne ke ƙarƙashin wane. Fayil ɗina tazara huɗu-huɗu ne, ni kuma na riƙa danna Tab a Word. Suka cakuɗe.

10/
Abin lura: layukan da na manna kawai ba su lalace ba. Waɗanda na taɓa da hannu a Word su ne suka mutu. Word ba mugu ba ne, aikinsa yake yi. An gina shi don ya ƙawata wasiƙa, shi kuwa kod ba ya son kwalliya.

11/
To ga magani. Shiga File, Options, Proofing, AutoCorrect Options. A shafin AutoFormat As You Type cire alamar da ke kan smart quotes da ta hyphens. A shafin AutoCorrect cire ta Capitalize first letter of sentences da ta Replace text as you type.

12/
In ya riga ya canza maka wani abu kana cikin bugawa, danna Ctrl+Z nan take, zai dawo da abin da ka rubuta.

13/
Ka ba kod salon rubutunsa: Consolas ko Courier New, inda kowane harafi faɗinsa ɗaya, layuka su jeru. Sannan a Review, Language, ka zaɓi kada a duba kuskuren rubutu a wurin, jajayen layukan nan su ɓace.

14/
Wasu za su ce a ɗauki hoton allo kawai. Eh, hoto ba ya lalacewa, amma ba a kwafar kod daga cikinsa cikin sauƙi, kuma in an buga a takarda yakan yi dishi-dishi. Layi biyar babu laifi. Shafi ashirin? Haba.

15/
Babbar doka: kada ka taɓa gyara kod a Word. Koma VS Code ko duk inda ka rubuta shi, gyara, gwada, sake kwafowa. Kafin ka miƙa kuma, kwafo shi daga Word ka mayar cikin sabon fayil ka kunna. In ya tashi, shi ke nan.

16/
Da safe na kai wa Malam fayil na asali. Ya kunna, ya yi aiki. Ya yi ta yi min tambayoyi a kan kowane sashe, na amsa. Ya ce, "Daga yau ka riƙa haɗowa da fayil ɗin." Minti biyar na so in rage, na biya da dare guda da kuma zargin da har yanzu nake tunawa.

17/
In kana da aboki ɗan shekarar ƙarshe, tura masa kafin ya miƙa nasa. Allah Ya ba mu sa'a. 🤲