Kasimu Yero, ɗan Zariya

Duk sa'ad da aka ambaci wasan kwaikwayo, Kasimu Yero ne ke fara faɗo mini a rai. Ɗan Zariya ne, ya kuma rasu a Kaduna cikin watan Satumba 2017, Allah ya jiƙansa. Mu da muka tashi a Ƙofar Gayan lokacin da talabijin bai wadata ba, a gidan maƙwabta muka san shi, muna zaune a tabarma bayan sallar Isha'i.

Sauran 'yan Nijeriya sun san shi da Uncle Gaga a Cock Crow at Dawn, wasan NTA na shekarun 1980 da ke kwaɗaitar da mutane noma. Mu kuwa Karambana muka fi riƙewa, da Magana Jari Ce, littafin da Abubakar Imam ya rubuta a nan Zariya, aka mayar da shi wasan talabijin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ba ya gaggawar magana. Yakan saurari abokin wasansa har ya kai aya, fuskarsa ta riga bakinsa ba da amsa. Turancinsa tsaf yake, amma Hausarsa ba ta gurɓata ba. Dattawan unguwarmu, waɗanda ba su ɗauki wasan kwaikwayo bakin komai ba, sukan tsaya su kalle shi.

Yana damuna ƙwarai cewa yaranmu masu kallon finafinan Kannywood da wuya su ga waɗannan wasanni. Ina fata NTA Kaduna za ta tono abin da ya rage a ma'ajiyarta, ta sake nunawa.