Ganin Lefen Samari

A ƙasar Hausa ba a sayen abu a ɓoye shi. Idan aka haɗa lefe, sai an zaga da akwatuna gidajen dangi, a ɗaga atamfa da leshi ɗaya bayan ɗaya. Idan aka yi wa amarya jere, mata sukan yi ayari zuwa ganin ɗaki. Wanda ya ɗinka sabuwar riga akan yi masa addu'ar ya kashe lafiya, wanda ya sayi mota kuwa a ce Allah ya tsare. Samari sun daɗe suna yi wa mata dariya a kan wannan al'ada, alhali kuwa mu ma muna da namu ganin lefen. Bambancin kawai shi ne akwatinmu na kwali ne, abin da ke cikinsa kuma sai da caji.

Majalisarmu tana zama bayan sallar isha'i a ƙofar wani shago da ke unguwarmu a Kano. Mu takwas ne, galibinmu mun gama jami'a cikin 'yan shekarun nan, kuma son na'ura ne ya haɗa mu. Duk wanda ya sayi sabon abu, doka ce ya kawo shi a gani. Wani ya zo da waya daga kasuwar Farm Centre, wani da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu da aka aiko masa daga Ikeja, wani da na'urar jin sauti, wani ma da injin markaɗe da ya saya wa amaryarsa. Abin zai yi ta yawo hannu zuwa hannu, ana juya shi, ana auna nauyinsa a tafi, kafin a shiga tambayoyi.

Tambayoyin nan ne suka fara sa ni tunani. A ƙasashen da ake ƙera waɗannan kayayyaki, masu sha'awarsu sukan fara da tambayar sauri da kyawun hoto. Mu kuwa, bayan "nawa ka saya?", abin da ke biyowa shi ne "awa nawa take riƙe caji?" Da na zauna na lissafa abin da aka kawo majalisa cikin shekara guda, sai na tarar kusan rabinsa kayan ciyar da sauran kayan ne: fawa-bank, batir, inbata, allon sola, fitila da fanka masu caji. Matashin da ke zaune inda ake ɗauke wuta babu sallama yakan sayi na'ura sau biyu, farko ita kanta, sannan abin da zai raya ta.

Shekarar 2023 ta ƙara wa lissafin nauyi. Ranar 29 ga Mayu aka sanar da cire tallafin man fetur, kuɗin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, ƙaramin janareta ya koma kayan ajiya a gidaje da yawa. A watan Yuni kuma aka saki darajar naira, dalar da ake canzarwa a kan kimanin naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Da yake kusan duk abin da muke sha'awa daga waje ake shigo da shi, farashinsa ya bi dala. Wayar da ɗalibi kan saya da ɗan tarin da ya yi ta zama abin da ma'aikaci zai yi wata da watanni yana hange.

A irin wannan yanayi ne amfanin majalisa ya fito fili, domin in kunne ya ji, jiki ya tsira. Babban cikinmu, wanda muke kira Yaya, ya karanta kimiyyar lantarki, kuma shi ya koya mana karanta lambobin da ke jikin kwali. Fawa-bank mai lamba 20,000 batirinsa yana aiki ne a kan bolt 3.7, wato ƙarfin da ya ajiye bai wuce wat-awa 74 ba. Wajen tura shi cikin waya ana asarar wani kaso, saboda haka wayar da batirinta yake 5,000 ba za ta cika sau huɗu ba, da ƙyar ta kai uku. Na ƙwarai mai wannan girma yana da nauyin da ya doshi giram 400. Ranar da wani abokinmu ya kawo ɗan mitsitsi mara nauyi an rubuta masa 50,000, Yaya ya ɗora shi a tafinsa ya ce, "Ƙanina, ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mayar masa tun rasit bai tsufa ba."

Haka abin yake ga kwamfuta. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuwa Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan kwamfutocin da ƙwaƙwalwarsu ta girmi zubi na takwas na Intel. Ofisoshin Turai da Amurka suna sauke irin waɗannan tsofaffi, su kuma suna biyo jiragen ruwa zuwa kasuwanninmu da farashi mai jan hankali. Wanda bai sani ba zai ɗauka garaɓasa ya samu. Wanda ya zauna a majalisa ya san zai tambayi zubin ƙwaƙwalwar, ya duba lafiyar batir, ya tabbatar ma'ajiyar bayanai ta zamani ce mara faifai mai juyawa, kuma idan tsohuwar ya iya saya, ya ɗora mata Linux ta ci gaba da aiki. Siyan nagari mai da kuɗi gida, amma sai an san nagarin.

Sai dai ganin lefe yana da wata fuskar, kuma mata sun riga mu saninta. Inda ake nunawa, akwai wanda ba shi da abin nunawa. A cikinmu akwai wani aboki da ya fi mu duka basira. Shi yake riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa huɗu tun rasuwar mahaifinsu, wayarsa kuma gilashinta ya tsage shekara biyu ke nan. Idan sabon kaya ya iso hannunsa yakan yaba, ya miƙa wa na kusa da shi, ya yi shiru. Sannu a hankali ya fara zuwa a makare, daga baya ya koma zuwa sau ɗaya a mako. A ɗaya gefen kuma, wani daga cikinmu ya ci bashi ta manhajar waya don ya sayi wayar da za a yi maganarta. An yi maganarta dare ɗaya, shi kuwa ya yi wata shida yana biya da ruwa. Majalisar da ta hana a cuce mu a kasuwa ita ce ta fara sa mu cuci kanmu.

Da na kammala bautar ƙasa, ɗan abin da na tara ya isa ɗaya daga cikin abu biyu: wayar da na daɗe ina so, ko ƙaramin sola a gidanmu. Lokacin bazara ne, zafin Kano yana haura digiri 40, Umma takan kwana tana yi wa autanmu fifita, ƙanwata kuma tana karatun jarrabawa da fitilar waya. Na tuntuɓi wannan aboki mai shiru, ya ɗauki biro ya yi mini lissafi a bayan kwali. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, amma irin na dalma rabinsa kawai ya kamata a sha idan ana so ya daɗe. Fanka biyu masu wat 15 da ƙwai huɗu masu wat 5 sun haɗa wat 50, wato awa goma sha biyu, daga magariba har asuba. Allon sola mai wat 300 zai mayar da abin da aka sha kafin la'asar. Shi ya raka ni kasuwa, shi ya hau rufi ya ɗaura. Da fanka ta fara juyawa, Umma ta dube shi ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan mahaifinka." Ni kuwa ta ce mini, "Wannan ne sayayya."

Wannan kaya ba ya shiga aljihu, saboda haka majalisa ce ta tashi ta zo ganinsa, kuma duk tambayoyin da aka yi wanda ya haɗa shi ne ya amsa. Kafin damina ta faɗi ya ɗaura wa gidaje uku a layinmu, da kuɗin aikinsa. Yaya ne ya kawo shawarar a ƙara doka ta biyu: wanda bai sayi komai ba ya kawo abin da ya gyara. Tun daga nan muka ga tsohuwar kwamfuta da aka sauya wa ma'ajiya ta farfaɗo, da fankar da aka naɗe wa sabuwar waya, da rediyon wani kaka da ya shekara goma a kan kabad. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar lantarki, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tabbatar an sake sarrafawa. Duk abin da aka gyara ya rage wa wannan juji nauyi, ya kuma rage wa aljihu.

Har yanzu ina son sabon kaya, ina son ƙamshin kwali da santsin gilashin da yatsa bai taɓa ba, kuma ba na ganin laifin wanda ya samu ya nuna. Abin da nake fata ga tsararrakina shi ne mu riƙa tambayar kowane kaya aikin da ya zo yi da mutanen da zai amfana. Ƙasar da matasanta suka iya sayen na'ura kawai za ta dawwama tana jiran jirgin ruwa da farashin dala. Wadda matasanta suka iya buɗe ta, su fahimce ta, su gyara ta, ta kama hanyar ƙera tata.